Dunƙule Uku a Bakin Ganga

Satara, Yuni 1978

Anirudda ɗana,

Albarka mai yawa a kanka, daga gare ni da kuma Ayi mahaifiyarka. Muna nan lafiya, irin lafiyar tsohuwar kujera, ana zama a kanta amma sai ta yi ƙara. Damina ta sauka, gwiwata ta hagu ta riga gidan rediyo sanar da ni. Yanar idon Ayi ta ƙaru. Likita ya ce a bar ta ta nuna kafin a cire, sai ka ce mangwaro. Don haka ni ne mai karanta mata wasiƙunka, aikin da ba ya gajiyar da ni, tunda ta ƙarshe layi uku ce, ɗaya daga ciki kuma adireshi.

Pendse mai kantin magani ya kai tokar gawar mahaifinsa birnin Kashi, ya dawo da tulun ruwan kogin Ganga da kuma labari. Ruwan ya raba wa maƙwabta, labarin kuwa ya kawo mini shi har kwaleji, a gaban sauran malamai.

"Malam Waman, na ga ɗanka," in ji shi. "Ya ɗan rame, amma fa ban taɓa ganin mai digiri biyu da ya iya riƙe tsintsiya haka ba."

Na ce masa bincike kake yi.

"A ƙasa?"

Wai ya gan ka kana share matakalar gidan wani tsohon Suwami, malamin masu barin duniya, a bakin kogi, kana kuma ɗebo masa ruwa. Na so in ce idon Pendse ne ya yi masa gizo, mutumin da ya taɓa sayar wa gwaggonka Durga maganin tari don ciwon ƙafa. Sai ga takarda daga malaminka na jami'a. Ya ce rabonsa da kai tun lokacin sanyi, kundinka kuma ya tsaya a babi na uku. Babi na uku, Ani! Wanda ni da kai muka tsara a barandar nan, kan bambancin sanin da mutum ke samu daga bakin wani da sanin da yake gani da kansa. Ni na ɗauka rubuta shi za ka yi.

Shekara talatin ina koya wa yaran Satara cewa rai ba a haife shi ba kuma ba ya mutuwa, cewa duniyar nan kamar mafarki take, cewa wanda ya san kansa ya gama da tsoro. Su rubuta, su ci jarrabawa, su sami aiki a banki, su yi tumbi. A cikinsu babu wanda ya taɓa yi mini rashin kunyar ɗaukar maganata da gaske. Ina fata ba daga gidana za a fara ba.

Ka rubuto ka gaya mini abin da ake ciki. Ayi ta ce ka riƙa shafa man kwakwa a ka, wai ruwan can yana busar da gashi. Ban yi mata zancen tsintsiya ba.

Babanka,
Waman

Kashi, Yuli 1978

Baba,

Na kwanta a ƙafafunka da na Ayi. Ina lafiya, ramar ba ta kai yadda Kawu Pendse ya faɗa ba. Ka riƙa ɗaura wa gwiwar tsumma mai ɗumi, kada ka bari sai ta hana ka hawa keke.

Gaskiya ne ina shara. Ga yadda abin ya faro. Na je wurin Suwami da wata jimla da ta gagare ni a babi na uku. Ya warware mini ita yana zaune yana ɓare gyaɗa, ya kawo ra'ayin masu sharhi da ka, ya nuna mini inda kowannensu ya zame. Za ka so shi, Baba, ya fi ka son gyara wa mutane furuci. Da na tashi tafiya sai ya ce, "Ka gane ke nan?" Na ce na gane. Ya ce, "To, in ka koma ɗaki ka tarar da tangarahu cewa mahaifiyarka ta rasu, wannan abin da ka gane zai zauna tare da kai, ko ta taga zai fita?"

Nan take ƙanwata Mukta ta faɗo mini. Ina ɗan shekara tara ranar da aka fita da ita. Na tuna ka zauna a tsakar gida kana yi wa masu ta'aziyya bayani cewa tukunya ce ta fashe, sararin da ke cikinta yana nan bai je ko'ina ba, har waɗanda suka zo lallashinka suka koma kai kake lallashinsu. Shugaban kwalejinku ya ce bai taɓa jin bayani irinsa ba. Ni ma na yarda da kai. Amma tun daga ranar har yau ta bayan kasuwa kake zagayawa zuwa aiki, don kada ka bi ta ƙofar makarantarta. Ba zarginka nake yi ba. Na dai ga mutumin da ya fi kowa sani a Satara, na kuma ga sanin bai iya raka shi ya wuce ƙofa ɗaya ba. Tun ina yaro nake so in san ko akwai sanin da yake iyawa.

Kai ka koya mini cewa matakan uku ne: a ji, a yi tunani har shakka ta ƙare, sannan a zauna da abin har ya zama shi ne mutumin. Biyun farko mun yi su, ni da kai, har mun gaji. Na ukun ba a ba da digiri a kansa, ban kuma ga yadda zan yi shi tsakanin jiran albashi da duba takardun ɗalibai ba.

Ina so in karɓi mayafin masu barin duniya. Ka fi ni sanin abin da hakan ke nufi. Suwami ya ce ba ya ba kowa sai da izinin uwa, ko da mutum ya yi furfura. Ina roƙonka ka karanta wa Ayi wannan wasiƙa dukanta, ka rubuto mini abin da ta ce.

Ɗanka,
Ani

Satara, Agusta 1978

Anirudda,

Albarka a kanka, ko da yake ban san ko masu shirin barin duniya suna da inda suke ajiye ta ba. Muna lafiya. Rufin ɗakin littattafai yana yoyo daidai kan masu cewa duniya mafarki ce, na kwashe su na jibge a kan gadonka.

Tunda da nassi ka zo, bari mu yi da nassi. Ana haihuwar mutum da haƙƙi uku a wuyansa. Na magabatan malamai da karatu ake sauke shi, na alloli da hadaya, na kakanni da haihuwa. Kai rabin na farko ka sauke. Rayuwa kuma zango huɗu ce, ɗalibi, magidanci, mai ja da baya, sannan mai barin duniya, ba a tsallake biyu don an gaji da babi na uku. Na san za ka ce akwai inda aka yarda mutum ya tafi a ranar da zuciyarsa ta saki duniya, ko a wane zango yake. Ni na koya maka wannan. Maki biyar ne a jarrabawa.

Sai maganar da ba ta buƙatar nassi. Kai kaɗai ka rage mana. Mai mayafi ya rabu da wuta, ba ya kunna wa gawar ubansa itace, ba ya zuba masa ruwa, ba ya ajiye masa dunƙulen shinkafa. In na mutu wa zai yi mini? Pendse? Kakanninka suna can sun yi layi suna jiran ruwa daga hannunka, ka kuwa san halin kakanka Gangadar in abinci ya makara.

Ka kuma yi tunani a kan wannan. Wanda ya bar gida don kada mutuwar wani ta girgiza shi bai fi ƙarfin mutuwa ba. Ya dai rage yawan waɗanda za su mutu masa ne. Dabara ce, ban ƙi ba, amma kada a kira mini ita hikima.

Zancen bayan kasuwa kuma, hanyar ta fi inuwa. Ba zan ƙara komai a kai ba.

Na karanta wa Ayi gaisuwarka da maganar tsumma mai ɗumi, na ninke takardar.

"Shi ke nan?" ta ce. "Ni fa na ji ƙarar takarda da yawa."

"Sauran falsafa ce."

"To, gara da ka tsallake. Wadda ke gidan nan ma ta ishe ni."

Ba zan zama ɗan aiken wannan saƙo ba, Ani. Matar da sai ta lalube kafin ta sami gwangwanin gishiri, ba ni zan zaunar da ita in ce mata ɗanta yana neman izinin yi wa kansa jana'iza ba. Ka koma jami'a.

Babanka

Satara, ƙarshen Satumba 1978

Ani,

Albarka. Muna lafiya. Jarida ta ce Ganga ta cika ta shiga unguwannin bakin kogi, kai kuma shiru. Mai kawo wasiƙa ya fara sunkuyar da kai in ya hango ni a ƙofa. Ayi ta tambaya, na ce mata ruwa ne ya tsare jiragen ƙasa, wataƙila ma gaskiya na faɗa.

In fushi kake yi, ka yi shi a rubuce. Ka san bakina, da shi aka haife ni, ya kuma fi cizon wanda nake so. Layi uku ma sun isa, har da adireshin.

Babanka

Kashi, farkon Oktoba 1978

Baba,

Na kwanta a ƙafafunku. Ba fushi ba ne. Ruwa ya shiga gidan, muka ɗauke Suwami zuwa bene, daga nan zazzaɓi ya kwantar da ni makonni. Wasiƙunka biyu tare suka iso, ta farkon a jiƙe. Yanzu na warke, ina cin abinci.

Na karanta wa Suwami doguwar. Ya yi dariya a wurin maki biyar har tari ya sarƙe shi. Da na gama ya ce, "Mahaifinka yana da gaskiya. Tashi ka tafi gida." Zan iso kafin bikin fitilu na Diwali. Kada ka aiko kuɗin jirgi.

Ɗanka,
Ani

Satara, Oktoba 1978

Ani ɗana,

Albarka, wannan karon da hannu biyu. Na karanta wa Ayi zancen zuwanka, ta ce in maimaita, na maimaita.

Ashe tsohon yana da hankali. Na janye rabin abin da na faɗa a kansa a ɗakin malamai, sauran rabin zan janye in na gan ka a tasha. Ka gaishe shi, ka ce wani malamin ƙauye yana jinjina masa. Ba kowane mai mayafi ke karɓar hujja ba in ta fito daga bakin mai albashi.

Na yi magana da shugaban kwaleji. Za a sami gurbi a sashenmu bayan hutu, kundin kuma ka ƙarasa shi a nan, teburina ya ishe mu. Ayi tun yanzu ta fara tsince waken gurasa mai zaƙi, ta sa an wanke fitilun yumɓu duka, har da waɗanda suka tsage. Gwaggonka Durga kuwa ta samo wata yarinya a Sangli mai digiri a lissafi, wai gashinta dogo, maganarta gajera. Na ce mata ta bari ka sauke jaka tukuna. Ina! Ta riga ta karɓo hoto.

Ka sa rigar sanyi a jirgi.

Babanka

Satara, Nuwamba 1978

Anirudda,

Albarka, tunda ita ce al'ada. Ina fata ka koma lafiya. Ban raka ka tasha ba, kuma ba gwiwa ce ta hana ni ba.

Na sake karanta wasiƙarka ta Oktoba. Ba ka yi mini ƙarya ba, na duba. Ni ne na karanta abin da nake so, ni da nake rage wa ɗalibai maki a kan haka. Gaskiyar da tsohon ya ce ina da ita ashe guda ce tak, cewa ba a aika irin wannan saƙo ta hannun wani, sai mutum ya je da ƙafarsa ya tambayi uwarsa. Da bakina na nuna muku hanya.

Ka ɗauka ina baranda ina karanta jarida. Ina nan ɗin, amma ban juya shafi ba. Na ji lokacin da ka sa goshinka a ƙafarta a ɗakin girki, na ji ka faɗa mata komai, har da jana'izar. Na ji ta ce ka tashi ka ƙara gurasa ɗaya, ka kuma ci. Na ji ta tambaye ka ko ana ba ku bargo a can, da wanda ke dafa maka ruwa in ka kwanta ciwo. Ina ta jiran kukan da zai tsayar da kai. Sai na ji ta ce, "To, je ka."

Abin da ba ka ji ba shi ne bayan ka fita da jakarka. Na shiga na same ta tana tsince shinkafa da yatsu.

"Kin san abin da kika yi kuwa?" na ce. "Zai aske kansa, ya jefa zaren ibadarsa a kogi, ya yi wa kansa abin da ake yi wa mamaci. Ko ya biyo ta ƙofar nan ba ɗanki ba ne."

"Ya faɗa mini. Idona ne ya lalace, ba kunnena ba."

"Kalma ɗaya, Sulochana. A'a. Da ya zauna."

"Da ya zauna mana. Ya auri ta Sangli, ya raba tebur da kai, ni kuma kullum in riƙa zuba wa mutumin da na ɗaure abinci. Baban Ani, ɗaya ta tafi ba ta tambaye ni ba. Wannan ya taso tun daga Kashi ya tambaya."

"Ni fa? Ni ba a tambayata?"

"Littattafanku ne suka ce uwa za a tambaya. Ni na rubuta su?"

Kada ka ɗauka ta sami natsuwar nan da kake nema. Tun ranar ba ta gama kwanon abinci ba. Jiya na same ta ta buɗe akwatinka tana shinshinar rigunanka ɗaya bayan ɗaya, da ta ji motsina sai ta ce asu take nema. Da hanci. Ita da ba ta taɓa jin labarin matakai uku ba ta sake ka, tana ƙarewa a tsaye. Ni da na san su na ƙi, ni ma ina ƙarewa. Tsohonka da ya iya warware jimla, ka tambaye shi wane ne mai hikima a cikinmu, don ni na duba gidan nan ban ga alamarta ba.

Na mayar wa Durga hoton. Na ce wa shugaba ya ba wani gurbin. Ranar da kuka sa, kada ka gaya mini. Ba zan zo ba.

Waman

Kashi, Janairu 1979

Baba,

Na kwanta a ƙafafunka da na Ayi. Ina lafiya. Akwai bargo, ka gaya mata guda biyu ne.

Ka ce kada in gaya maka, amma ban taɓa yin wani babban abu ba ka sani ba. An sa safiyar bikin Shiwaratri, a matakalar gidan Suwami. Ba roƙonka nake yi ka zo ba.

Na kai masa tambayarka. Ya ce shi ba ya alƙalanci tsakanin miji da mata, ya bar duniya tun kafin ya koyi wannan. Amma ya ce wanda ya saki yana kuka da wanda ya riƙe yana kuka duk ciwo ɗaya ne ke cin su, shi kansa kuma bai warke sarai ba.

Maganarka ta rage yawan waɗanda za su mutu mini ba ta bar ni ba. Ina shara tana nan, na zauna tana nan. Ban iya rushe ta ba, wataƙila ma gaskiyata ke nan. Ba ni da hujjar da za ta ishe ka. Abin da na sani kawai, in na dawo zan koyar da babi na uku har in tsufa, in koyar da shi da kyau, ban taɓa sanin ko gaskiya ne ba.

Wannan ce wasiƙa ta ƙarshe da zan sa wa wannan suna. Duk abin da na sani daga bakinka na fara jin sa, a baranda, kana ɓare mini lemu. Ka yafe mini.

Ɗanka,
Anirudda

Kashi, Fabrairu 1979

Zuwa ga uwar Ani,

Durga, ki karanta mata a hankali, sharhinki kuma ki riƙe shi sai kin koma gidanki.

Sulochana, na iso lafiya. Na ce miki taron malamai zan je a Puna, ke kuma kika haɗa mini bargo da guzurin doguwar tafiya ba ki ce uffan ba, to mun yi daidai. Gwiwa ta sha wuya. Garin nan duk hawa ne da sauka.

Jajibirin ranar na je wurin tsohon, lokacin an aiki Ani kasuwa. Ɗan ƙaramin mutum ne mai tari. Na tafi da hujjojina a jere kamar mai zuwa kotu.

"Kai ne maki biyar," ya ce. "Zauna, Malam."

Na ce tambaya ɗaya ce da ni. In ya ba yaron mayafi, zai sami abin da yake nema?

"Ban sani ba. Na ba mutane da dama. Wasu sun zama masu faɗa a kan kwanon abinci. Wani ya koma garinsu ya buɗe shagon gyaran keke. Akwai biyu ko uku da in ka zauna kusa da su sai ka ji kamar an sauke maka kaya. Mayafin ba ya ba da komai, uzuri kawai yake ƙwacewa."

"Kai fa? Ka samu?"

"Wasu ranaku."

Da ya yi mini alfahari da na ji daɗi. Na roƙe shi kada ya gaya wa Ani na zo.

Da safe na tsaya bayan mutane, na lulluɓe kaina da bargon. An aske Ani, an bar masa tukku. Bai kai ramar da ya zo da ita Diwali ba. Ya shiga kogi har ƙugu, ya cire zaren da na rataya masa da hannuna yana yaro, ya yanke tukkun, ya sake su ruwa ya tafi da su. Ya fito ya nufi arewa ba waiwaye, kamar yadda ake yi, har tsohon ya kira shi ya dawo, ya miƙa masa mayafi ruwan goro da sanda. Kira ɗaya ya yi masa ya juyo. Ni da na yi wata da watanni ina kira. An ba shi sabon suna mai tsawon jirgin kaya, zan faɗa miki in na zo. Mutane suka yi layi suna taɓa ƙafarsa, na shiga layin, don haka dokar take, uba ma sai ya sunkuya. Ƙafafun sun yi sanyi ƙalau. Ya ce mini "Narayana," albarkar da masu mayafi ke sa wa kowa, kamar yadda ya ce wa mai sayar da furen da ke gabana.

Amma kafin kogin akwai abin da ya faru, wanda nake ta zagayewa.

Kin san sai ya yi wa kansa sadakar mamaci kafin ya shiga ruwa. Ya zauna ya fuskanci kudu, pandit mai jagorantar ibadar yana faɗa yana maimaitawa. Dunƙulen shinkafa uku ne a kan ganye, nasa, na uba, na kaka. Tunda bayan ranar ba zai ƙara yi wa kowa ba, sai a haɗa a gama, ko da uban yana raye. Na san wannan. Na sha rubuta shi a allo ɗalibai suna hamma.

Nasa ya yi shi tsaf. Ya faɗi sunansa da zuriyarsa, muryarsa ko rawa ba ta yi ba, ya ajiye, ya zuba ruwa da riɗi. Ya ɗauki na biyu. Pandit ya ce, "Sunan mahaifi." Shiru. Ya sake cewa, "Sunan mahaifi, ɗana, rana tana yi." Ani ya buɗe baki ya rufe. Shinkafar ta fara marmashewa tsakanin yatsunsa. Ya dubi kogi, ya dubi tsohon, tsohon ya dubi ƙasa bai agaza masa ba. Na ga ya dafa dutse da hannun hagu kamar mai shirin tashi.

In ya tashi a nan, ibadar ta ɓaci. Wannan ma na sani. Abin da ya rage mini kawai in yi shiru, ba abin da ya fi shi sauƙi, da wataƙila yanzu tikiti biyu zan saya.

Sai na ji murya daga cikin bargona tana cewa, "Waman, ɗan Gangadar, na zuriyar Kashiyapa." Da ƙarfi, kalma kalma, yadda nake yi wa 'yan bencin baya.

Bai juyo ba. Kafaɗunsa ne suka motsa. Ya maimaita bayana, ya ajiye dunƙulen, ya zuba mini ruwana. Na kakan da kansa ya yi.

Pandit ya ɗago a fusace. "Wane ne wannan mai sa baki a ibadar mutane?"

Na ce, "Ni ne na tsakiyar."

Kada ki tambaye ni dalili. Na wuni a matakalar ina nema. Ko a ƙarshe na gane wani abu ne, ko kuwa tsohon malami ne kawai da ba ya iya kallon yaro ya maƙale a tsakiyar jimla, na kasa rabewa.

Jirgina zai iso Satara ranar Laraba da rana. Kada kowa ya zo taryata. Ki sa a ajiye mini ruwan zafi a ƙofar gida, tunda wanda ya dawo daga jana'iza ba ya shiga sai ya yi wanka. Ko wanda aka yi wa ita ma sai ya yi, na bincika duk abin da na haddace ban sami inda aka faɗa ba. Ki dai ajiye ruwan.

Mijinki,
Waman